Wa yake jin labari idan asibiti ya same ka da ciwon sanyi? Fashin baƙi kan rahoton dole da sa ido a Kano

Namijin da ya wayi gari yana jin raɗaɗi in zai yi fitsari, ko ya ga farin ruwa ya ɓata masa wando, kafin ya tuna da magani sai ya fara tunanin wanda zai ji labari. Haka macen da ciwon mara da fitar ruwa suka addaba. A gari irin Kano, inda mai yankar kati a asibitin unguwa zai iya kasancewa maƙwabcin surukinka, ba za a ce tsoron nan ba shi da tushe ba. Tun kuma daga watan Mayun 2024, da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar gwajin lafiya kafin aure, tambayoyin suka ƙaru a majalisu da gidajen biki. Sakamakon gwajin nan, gwamnati ake kai wa? Da gaske akwai kundin sunayen masu ƙanjamau a Abuja? Likita zai iya kiran matata ban sani ba?

Abubuwa uku ne mutane suke cakuɗawa. Akwai rahoton dole, wato nauyin da aka ɗora wa ma'aikacin lafiya na ya sanar da hukuma cewa ya ga cuta kaza. Akwai sa ido, wanda shi ne tara irin waɗannan rahotanni wata bayan wata don a gane ko cutar gaba take yi ko baya, a ina, kuma a tsakanin su wa. Sai kuma sanar da abokin kwanciya, wanda harka ce tsakanin majiyyaci da likitansa da iyalinsa. Na farko da na biyu aikin hukuma ne, kuma mafi yawan lokaci ba su da buƙatar sunan kowa. Na ukun ne mai suna da fuska da gida, shi ne kuma mai wuyar sha'ani.

Tsanin da rahoto yake hawa

Najeriya ta kafa tsarin sanar da cututtuka ne a 1988, bayan annobar zazzaɓin shawara ta 1986 da 1987 ta nuna cewa mutane za su iya yin makonni suna mutuwa a ƙauye ba tare da labari ya isa Legas ba. A 1998 ƙasashen Afirka da ke cikin Hukumar Lafiya ta Duniya suka amince da tsari na bai ɗaya na sa ido kan cututtuka da ake kira IDSR, Najeriya ta ɗauke shi a 2001. Hukumar daƙile yaɗuwar cututtuka ta ƙasa, NCDC, wadda ta fara aiki a 2011 kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokarta a 2018, ita ke riƙe da ragamarsa yanzu.

A ƙa'ida, kowane asibiti, na gwamnati ko na kuɗi, daga Asibitin Murtala har ƙaramar sha-ka-tafi da ke Ungogo, yana miƙa rahoto ga jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukumarsa, wanda ma'aikata suka fi sani da DSNO. Kowace daga ƙananan hukumomi 44 na jihar tana da nata. Daga nan sai ofishin masanin annoba a Ma'aikatar Lafiya ta jiha, daga can sai Abuja. Cututtukan da ke cikin jerin sun kai kimanin 40, amma ba gudu ɗaya suke yi ba. Masu saurin yaɗuwa, irin su amai da gudawa, ƙyanda, sanƙarau, zazzaɓin Lassa da mashaƙo, ana sanar da su cikin awa 24, da sunan majiyyaci da unguwarsa, domin dole a je gidan a duba sauran mutane. Duk wanda ya ga yadda mashaƙo ya ratsa unguwannin birni daga ƙarshen 2022 zuwa 2023, lokacin da Kano ta fi kowace jiha yawan masu cutar, ya san dalilin wannan gaggawa.

Cututtukan da ake ɗauka ta hanyar saduwa ba a wannan layin suke ba. Suna cikin rahoton wata-wata, wanda adadi kawai ake rubutawa: a wannan wata mun ga mutum kaza, masu shekaru kaza zuwa kaza. Babu suna, babu lambar waya, babu unguwa. Sunanka yana cikin katinka da rijistar asibitin da ka je, abin da ya bar asibitin kuwa lamba ce cikin lambobi. Ƙyandar biri ta ɗan fita daban, domin duk da ana iya ɗaukarta ta saduwa, tana cikin masu rahoton gaggawa saboda annoba ce.

Galibi ma ba sunan cutar ake ƙirgawa ba, alamarta ake ƙirgawa. Tunda yawancin ƙananan asibitoci ba su da kayan gwajin da zai bambanta ciwon sanyi da kilamidiya, wata cutar saduwa mai alamu irin nasa, sai aka koya wa ma'aikata su yi magani bisa abin da suka gani: fitar ruwa daga gaban namiji, gyambo a al'aura, fitar ruwa ga mace, ciwon mara. A ba da haɗin maganin da zai kashe duk ƙwayoyin cutar da aka san suna kawo wannan alama. Dabara ce mai kyau ga majiyyaci, don ba sai ya dawo gobe karɓar sakamako ba. Ga mai sa ido kuwa tana barin duhu, domin fom ɗin rahoton wata ba zai taɓa gaya masa nawa ne ainihin ciwon sanyi a ciki ba.

Ƙanjamau kuwa hanyarsa daban ce, kuma gaskiya ta fi a faɗe ta. Wanda aka ɗora a kan magani yana da fayil da lamba ta musamman, a cibiyoyi da yawa ana ɗaukar hoton yatsansa, bayanan jinyarsa kuma suna shiga wani rumbun bayanai na ƙasa a kwamfuta. Dalilin shi ne kada a ƙirga mutum ɗaya sau biyu in ya karɓi magani a Asibitin Malam Aminu Kano ya kuma buɗe wani fayil a Zariya, sannan a iya neman wanda ya daina zuwa. Rumbun ba na 'yan sanda ba ne, ba na Hisbah ba ne, ba na kotu ba ne. Amma tarin sirrin mutane ne mai girma, kuma haƙƙin jama'a ne su tambayi waye ke da makullinsa.

Waɗanda ba sa shiga lissafi

Babbar matsalar sa ido a Kano ita ce mafi yawan masu ciwon ba sa ma taka ƙofar da ake ƙidayar. Namiji mai ciwon sanyi kemis yake fara zuwa, sau da yawa ma na wata unguwa, bayan isha'i. Ya ce wani abokinsa ne ba shi da lafiya, a haɗa masa kafso na kwana biyu ko uku daidai kuɗin aljihunsa. Lasisin masu irin waɗannan shaguna bai ba su damar sayar da antibayotik ba, don haka ko da suna da niyyar kai rahoto, kai shi tamkar kai ƙarar kansu ne. Wasu kuma wurin masu tallar maganin sanyi da lasifika a bakin kasuwa suke tsayawa, ko shagunan magungunan Musulunci, ko su saya ta Facebook da WhatsApp a aiko musu a leda. Babu ɗaya daga waɗannan da ke da fom. Ƙidayar da ta tsaya a asibitocin gwamnati kamar mutum ne ya zauna a Ƙofar Mata yana ƙirga masu shiga birni, alhali ga Ƙofar Nasarawa da Kabuga da Mazugal duk a buɗe.

Asibitocin kuɗi da ɗakunan gwaji masu zaman kansu, waɗanda suka cika Sabon Gari da titin Zoo da Tarauni, su ne mafakar mai ɗan hali da ke gudun idon sani. Su ne kuma suka fi sakaci da rahoton wata. Abin takaici ne, domin a wurinsu ake samun sakamakon gwaji na haƙiƙa, ba alama kaɗai ba.

Ta ɓangaren mata lissafin ya karkace ta fuska biyu. Kilamidiya da ciwon sanyi sukan zauna a jikin mace ba wata alama, watanni, suna hawa sama har su toshe hanyoyin ƙwai. Ba ta san tana da ciwo ba balle ta je asibiti. Sai bayan shekaru a ga ba haihuwa, ko ciki ya zauna a wajen mahaifa, a ɗora mata laifi, a yi mata kishiya ko a sake ta. A ɗaya gefen kuma, yawancin fitar ruwa da ƙaiƙayin da mata ke kai kuka da shi da sunan sanyi ba daga saduwa yake ba, sauyin ƙwayoyin halittar gaban mace ne kawai, har budurwar da ba ta san namiji ba tana yin sa. In aka zuba wannan duka cikin lissafin cututtukan saduwa, adadi ya kumbura a inda babu matsala, ya kuma yi shiru a inda take.

Wani zai ce to mene ne abin damuwa, tunda ciwon sanyi ba ya kisa kamar amai da gudawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 an samu sababbin kamuwa miliyan 374 da cututtuka huɗu masu warkewa a tsakanin 'yan shekara 15 zuwa 49: tirikomonas miliyan 156, kilamidiya miliyan 129, ciwon sanyi miliyan 82, tunjere kimanin miliyan 7. Fiye da miliyan guda ke nan kowace rana. Cikin huɗun nan, wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne mafi ƙarancin adadi, wato tunjere.

Tunjere yana farawa da ɗan gyambo marar zafi wanda ke warkewa da kansa, mai shi ya ɗauka ya rabu da shi, alhali ciwon ya shige jini. In mace mai ɗauke da shi ta yi ciki, yana ratsa mabiyiya ya kama ɗan tayi. Sakamakon shi ne ɓari, ko haihuwar ɗa ba rai, ko bakwaini, ko jaririn da zai rasu cikin makonnin farko, ko ya rayu da naƙasa. Ƙiyasin 2022 ya nuna jarirai kimanin 700,000 ne suka kamu da shi daga uwa a faɗin duniya. Maganin kuwa tsohon magani ne mai araha: allurar penisilin mai daɗewa a jiki, wadda in aka yi wa uwa da wuri, aƙalla wata guda kafin haihuwa, tana kare ɗan. Tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar amfani da ɗan tsinken gwaji guda da ke duba ƙanjamau da tunjere tare, da ɗigon jini ɗaya, a ranar awon farko. A al'ummar da mace ke haihuwa shida, bakwai, har goma, kuma mata da yawa sai ciki ya tsufa suke fara awo, a gida kuma suke haihuwa, mata nawa ne ake kira masu wabi, ake kai su wurin rubutu da turare, alhali allura ɗaya suke buƙata su da mazajensu? Adadin nan ne sa ido ya kamata ya fito mana da shi.

Ciwon sanyi kuma yana ta cinye magungunansa ɗaya bayan ɗaya. Ya daina jin penisilin, ya daina jin tetirasaikilin, sifro ma ta faɗi a mafi yawan ƙasashe. Allurar seftiriyazon ce ta rage a matsayin abin dogaro, ita ma an fara ganin ƙwayoyin da suka bijire mata a wasu ƙasashen Asiya da Turai. Kafson kwana biyu da ake haɗawa a kemis shi ne takin wannan bijirewa. Gano ta kuwa ba ya yiwuwa ta fom ɗin wata. Sai an ɗebi ruwan daga majiyyaci, an raini ƙwayar cutar a ɗakin gwaji, an gwada ta da magunguna. Ba kowane asibiti ake so ya yi wannan ba. Wurare biyu ko uku a birni, irin asibitin koyarwa da Murtala, in suna yi a kai a kai suna fitar da sakamako, ya isa a san ko maganin da ake rubutawa a Kano har yanzu yana ci.

Tarihin ƙidayar ƙanjamau ya nuna yadda hanyar ƙirga ke sauya abin da ƙasa ta yi imani da shi. An fara tabbatar da cutar a Najeriya a 1986. Daga 1991 aka riƙa auna yaɗuwarta ta hanyar gwada jinin mata masu zuwa awo a zaɓaɓɓun asibitoci, ba tare da suna ba. Adadin ya tashi daga kashi 1.8 cikin 100 a 1991 zuwa 5.8 a 2001, sannan ya fara sauka. Da aka yi babban binciken gida-gida a 2018, sai aka samu kashi 1.4 cikin 100 a tsakanin 'yan shekara 15 zuwa 49, kimanin mutum miliyan 1.9 a ƙasa baki ɗaya, shiyyar Arewa maso Yamma kuma kashi 0.6. Kaso ne ƙarami, amma a jiha mai yawan jama'ar Kano ƙaramin kaso ma dubban gidaje ne. Tunjere da ciwon sanyi da kilamidiya ba su samu irin wannan kulawar ba, domin kuɗin tallafin waje a kan ƙanjamau ya fi zuba.

To a tilasta, a rubuta sunaye?

Akwai masu ganin mafita ita ce a tsananta: duk wanda aka samu da cutar a kai sunansa hukuma, a bi shi har gida. Ba magana ce ta banza ba, domin akwai ƙasar da ke yin kusan haka. A Amurka, doka ta wajabta wa likitoci da ɗakunan gwaji su kai rahoton tunjere, ciwon sanyi, kilamidiya da ƙanjamau ga ma'aikatar lafiya ta jiha da sunan majiyyaci. Akwai ma'aikata na musamman da ke neman mutumin, su tabbatar ya sha magani, su tambaye shi abokan kwanciyarsa, su sanar da su ba tare da faɗin wanda ya ambace su ba. Jiha ce ke riƙe sunan. Abin da ke zuwa tarayya an cire suna. Tsarin ya samo asali tun yaƙin da Thomas Parran, shugaban hukumar kula da lafiyar jama'a ta Amurka a lokacin, ya jagoranta da tunjere a shekarun 1930. Duk da haka, jariran da aka haifa da tunjere a can sun tashi daga ɗari uku da 'yan kai a 2012 zuwa sama da 3,700 a 2022. Rahoton ya nuna musu matsalar sarai, amma bai hana ta ba, domin matan da abin ya shafa ba sa samun awo da magani a kan lokaci.

Ingila ta gwada ƙarfi tun kafin nan. Dokokin 1864 da 1866 da 1869 sun ba 'yan sanda ikon kama duk macen da suke zargi da karuwanci a garuruwan barikin soja da tashoshin jiragen ruwa, a duba ta dole, a tsare ta a asibiti in an same ta da ciwo. Mazan da ke zuwa wurinsu ba wanda ya taɓa su. Mata irin su Josephine Butler suka yi ta gwagwarmaya har aka soke dokokin a 1886. Da aka dawo kan batun a 1916, sai aka ɗauki akasin haka: asibitoci na kyauta, cikin sirri, ba tilas. Har yau galibi ba a kai sunan mai ciwon sanyi ko tunjere ga hukuma a can, amma suna da alƙaluma masu inganci, saboda mutane suna zuwa da ƙafarsu kuma kowane asibiti da ɗakin gwaji yana aika bayanai marasa suna.

Mu a Kano muna da namu tarihin da ba a manta ba. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Asibitin Zana, a wani bincike da ya haɗa yara kimanin 200. 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba, kamfanin ya musanta laifi, aka yi ta shari'a har sulhun 2009. Shekara bakwai bayan gwajin, a 2003, aka dakatar da rigakafin shan-inna a jihar har zuwa tsakiyar 2004, cutar ta sake bazuwa zuwa wasu ƙasashe. Jama'ar da ta taɓa ganin haka, in jita-jita ta fita cewa asibiti yana miƙa sunayen masu ciwon sanyi, mako ɗaya ya isa a daina zuwa. Kuma wanda zai fara janyewa ita ce mai ciki, wadda muka fi buƙatar ta zo.

Don haka ra'ayina shi ne dole ta hau kan ma'aikata da cibiyoyi, kada ta hau kan majiyyaci. Asibitin kuɗi ko ɗakin gwajin da bai kawo alƙaluman wata ba, a haɗa sabunta lasisinsa da wannan. Masu kemis a jawo su ciki, a koya musu tura mutum asibiti, a ba su hanyar kai adadi da ba za ta zama tarko a kansu ba. Wuri ɗaya ne nake ganin ya cancanci a bi mutum ɗaya-ɗaya: mai cikin da gwaji ya nuna tana da tunjere, da jaririn da aka haifa da shi. Nan ma da lamba za a bi, sunan ya tsaya a hannun ungozomar da ke duba ta, manufar kuma a tabbatar an yi mata allura, an yi wa mijinta, an duba ɗan.

Sirri, doka, da gidan da ke da mata fiye da ɗaya

Doka ba ta bar majiyyaci a sake ba. Sashe na 26 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya ce duk bayanin da ya shafi lafiyar mutum da jinyarsa sirri ne, ba a fitar da shi sai da yardarsa a rubuce, ko umarnin kotu ko wata doka, ko buƙatar waliyyin yaro da wanda ba ya cikin hayyacinsa, ko in ɓoyewar za ta jawo babban haɗari ga lafiyar jama'a. Dokar hana tsangwamar masu ƙanjamau, ita ma ta 2014, ta haramta bayyana matsayin mutum ba da izininsa ba, amma ta ba miji ko mata haƙƙin sanin matsayin abokin zama in yana ganin yana cikin haɗari. Dokar kare bayanai ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar tsaro na musamman. A takarda an yi rufi mai kyau. Inda yake yoyo shi ne tebur ɗin rijista da ake bari a buɗe, da sakamakon da ake miƙa wa ɗan aike ba a cikin ambulan ba, da ma'aikacin da ya ga fuskar da ya sani ya kasa riƙe bakinsa, da hoton takarda da ke yawo a waya.

Sanar da abokin kwanciya shi ne inda ilimin likita ke karo da zaman gida. Magani ba ya ci in an yi wa mutum ɗaya an bar ɗayan, domin da sun sake saduwa ciwon ya dawo. A gidan mai mata uku, mutum huɗu ne ke buƙatar magani a lokaci guda. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. In maigida ne ya zo, akwai sauƙi, in har zai yarda ya kawo iyalinsa. In amarya ce aka samu da shi a wurin awo, sai ka ji ta ce, "Malama, don girman Allah kada maigidan ya ji, cewa zai yi ni na kawo." Kuma tana iya yin gaskiya a tsoronta ko da shi ne ya kawo, domin ita aka fara gwadawa, kuma wanda aka fara gwadawa shi ake ɗora wa. Shi ya sa ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2016 kan ƙanjamau ta ce sanarwar ta kasance da yardar majiyyaci, a kuma ba shi zaɓi: ya faɗa da kansa, ko ya zo da abokin zaman a faɗa tare a gaban ma'aikaci, ko ma'aikacin ya gayyaci mutumin gwaji ba tare da ambaton kowa ba. Kafin komai a tambayi mace ko tana tsoron duka ko saki. Ungozoma mai hikima takan rubuta wa miji takardar gayyata ne a kan lafiyar cikin matarsa, in ya zo a gwada su tare kamar yau aka fara. Wannan aikin yana cin lokaci, kuma ma'aikaciyar da mata ɗari ke jira a layin awo ba ta da shi sai an ƙara mata hannu.

A nan malamai suna da abin faɗa da ya fi na likita shiga kunne. Addinin da ya ce wanda ya rufa asirin Musulmi Allah zai rufa nasa, shi ne kuma ya ce ba cuta ba cutarwa, fikihun Malikiyya ma ya daɗe da sanin aibin da ɓoye shi ke ba ɗayan ma'aurata zaɓi. Rufin asiri daga idon duniya daban, ɓoye wa wadda kake kwana da ita ciwon da zai kashe mata ɗa daban. Haka kuma sakamakon gwaji ba shaidar zina ba ne. Tunjere yana iya kwana shekaru a jini tun daga auren fari, a garin da aure da saki da sake aure suka yawaita. Ƙanjamau da ciwon hanta ana ɗaukarsu daga uwa, da ƙarin jini, da allura ko askar da ba a tsabtace ba.

Dokar gwaji kafin aure ta 2024 ta kawo sabon abu. Ta wajabta gwajin ƙanjamau, ciwon hanta nau'in B da C, da nau'in jini saboda sikila, ta hana ɗaura aure ba takardar shaida, ta tanadi tara ko ɗauri ga wanda ya saɓa, ta kuma hana tsangwamar wanda aka samu da ciwo. Al'adar ba baƙuwa ba ce, tun auren zawarawa na 2012 Hisbah take sa a yi gwaji, haka aka yi wa ma'aurata 1,800 na watan Oktoban 2023. Abin da ya sauya shi ne yanzu dubban matasa da zawarawa masu jin kansu lafiya lau suna miƙa jini kowane wata, irin mutanen da tsarin asibiti ba ya taɓa gani. In aka tara sakamakon ba suna, bisa shekaru da jinsi da ƙaramar hukuma, Kano za ta samu hoton da babu irinsa a hannunta. In kuma aka bar takardar tana bi ta hannun waliyyai da 'yan rakiya kowa yana karantawa, abin da zai biyo baya shi ne takardun bogi da tura ƙani ya ba da jini a madadin wa. Sakamako a fara ba mai shi, shi kaɗai, da nasiha, sannan a haɗa shi da wadda zai aura. Liman takardar cewa an yi gwaji kawai yake buƙata. A kuma gaya wa mutane cewa gwajin gaggawa na ƙanjamau yana iya kasa ganin kamuwar da ba ta kai wata uku ba, kuma wanda ke shan magani har ƙwayar cutar ta daina bayyana a jininsa ba ya sa wa matarsa.

Saura maganar wanda zai biya. Da yawa daga masu shigar da bayanai a kwamfuta da masu bin sawun majiyyata a cibiyoyin ƙanjamau, albashinsu daga ƙungiyoyin da ke cin tallafin Amurka yake fitowa, musamman shirin yaƙi da ƙanjamau na PEPFAR da aka kafa a 2003. Da gwamnatin Donald Trump ta dakatar da tallafin waje a watan Janairun 2025, an ga yadda aikin da aka jingina da aljihun wani ke girgiza cikin kwanaki. Kuɗin man babur na DSNO da zai zaga asibitocin Kumbotso ya karɓo fom, da tsinken gwajin tunjere a kowane ɗakin awo, da penisilin a ma'ajiyar magani, da kabad mai makulli na ajiye rijista, ba su fi ƙarfin kasafin jihar Kano ba, kuma 'yan majalisar da suka zartar da dokar gwaji kafin aure su ne ke da ikon saka su a ciki.